Yadda ake tantance masu neman digirin dakta na gashin ƙashi a Amurka

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro. Wani ɗalibi ya aiko mana da tambaya kan sharuɗɗan shiga karatun digirin dakta na gashin ƙashi a Amurka, wanda a can ake taƙaita sunansa da DPT. Malam Sani, kafin mu shiga sharuɗɗan, ina ganin kalmar dakta ɗin ce take fara rikita mutane.

Sani: Gaskiya ne, Malama Hadiza, domin da yawa suna ɗaukarsa digirin digirgir ne na bincike, alhali shi digiri ne na shiga sana'a, wanda ake yi cikin kimanin shekara 3 bayan digirin farko. Jami'ar Creighton da ke jihar Nebraska ce ta yaye rukunin farko a 1996, kuma tun daga 2016 hukumar CAPTE, mai tantance makarantun wannan fanni, ba ta amincewa da kwas ɗin shiga sana'ar sai wanda zai kai ga wannan digiri. Wanda bai fito daga makarantar da ta amince da ita ba, in dai a Amurka ya yi karatun, ba zai zauna jarrabawar lasisi ta NPTE ba.

Hadiza: Ke nan abu na farko shi ne digirin farko. Dole ne ya kasance a fannin lafiya?

Sani: Ba dole ba ne. Wanda ya karanta tarihi ma yana iya nema, muddin ya ɗauki darussan da aka gindaya, wato ilimin ƙirar jikin ɗan Adam da na yadda gaɓoɓi suke aiki, da bayoloji, da kimistiri, da fiziks, da ilimin halayyar ɗan Adam, da ƙididdiga. Yawancin darussan kimiyyar ana son a haɗa su da aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma makarantu da dama ba sa karɓar darasin da ya tsufa, misali wanda ya haura shekara 7 ko 10.

Aminu: Bari in sa baki a nan, domin akwai wurin da masu nema suke tuntuɓe ba su sani ba. Mafi yawan makarantun suna karɓar takardu ta dandali ɗaya mai suna PTCAS, wanda yake ƙarƙashin ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, APTA, kuma dandalin yana sake lissafa matsakaicin makin ɗalibi da kansa. Idan mutum ya faɗi kimistiri a shekararsa ta farko, ya maimaita ya ci da kyau, jami'arsa tana iya shafe makin farko, amma PTCAS zai haɗa duka biyun a lissafi. Makarantu da yawa suna rubuta cewa mafi ƙarancin maki shi ne 3.0 cikin 4.0, sai dai waɗanda ake ɗauka galibi suna kusa da 3.5, saboda haka wanda ya tsaya a kan 3.0 ya sami izinin shiga layi ne kawai.

Hadiza: Malam Aminu, wannan bai yi tsauri ba? Yaro ɗan shekara 18 ya yi sakaci, sannan a riƙe masa shi bayan shekara huɗu.

Aminu: Ya yi tsauri, amma kwamitocin zaɓe mutane ne, kuma wasunsu suna duba makin shekarun ƙarshe daban, domin su ga ko ɗalibin ya farfaɗo. Jarrabawar GRE kuwa, ta masu neman karatun gaba da digirin farko, wadda a da kusan kowa yake nema, makarantu da yawa sun ajiye ta, wasu kuma har yanzu suna riƙe da ita.

Sani: Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sa'o'in zaman kallo. Ana son mai nema ya je ya zauna tare da ma'aikacin gashin ƙashi mai lasisi, ya ga aikin da idonsa, sannan ma'aikacin ya tabbatar da adadin sa'o'in. Wata makaranta ba ta neman ko ɗaya, wata tana neman 100 ko fiye, kuma an fi son a rarraba su tsakanin asibitin kwanciya, da ɗakin shan magani na masu zuwa su koma gida, da gidan kula da tsofaffi ko sashen yara. Hikimar a fili take. Matasa da yawa suna shigowa da tunanin gyara gwiwar 'yan ƙwallo, sai su tarar da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda za a shafe makonni ana koya masa tashi daga bakin gado, yana fushi, yana cewa a ƙyale shi. Gani ya kori ji, kuma gara mutum ya gane ba zai iya ba kafin ya ci bashin karatu.

Hadiza: Na yarda da hikimar, amma ina da ja. Wannan zama ba a biyan kowa a kansa, kuma ɗalibin da yake aiki domin ya ciyar da kansa, ko wanda garinsu ba shi da babban asibiti, ba zai tara sa'o'i kamar ɗan mai hali ba. Ashe ba aljihu ake aunawa ba?

Sani: Ƙorafinki yana da tushe, Malama, kuma ana wannan muhawara a cikin sana'ar kanta. A lokacin annobar korona, da asibitoci suka rufe ƙofa ga masu zuwa kallo, makarantu da yawa sun sassauta sharaɗin. A ra'ayina, sa'o'i kaɗan a wurare biyu ko uku sun fi tarin sa'o'i a ɗaki ɗaya amfani, domin abin da mutum ya fahimta shi ne yake fitowa a rubutunsa na bayanin dalilin neman sana'ar, shi ne kuma ma'aikacin da ya zauna da shi zai ambata a wasiƙar shaida, wadda makarantu da yawa suke son aƙalla ɗaya ta fito daga mai lasisi.

Aminu: Haka ma a ganawar baki da baki. Wasu makarantu suna zagaya da mai nema tashoshi na 'yan mintoci, a kowace a ba shi wani yanayi, misali majinyacin da ya ƙi motsa jiki, a ga yadda zai lallashe shi ba tare da ya raina shi ba. Akwai kuma batun lokaci, domin dandalin yakan buɗe a watan Yuni, wasu makarantu kuma suna cike gurabe ne yayin da takardu suke isowa, don haka mai jiran ranar ƙarshe yana iya tarar da kujeru sun ragu.

Hadiza: Wanda ya aiko da tambayar ya ce ya riga ya gama digirin gashin ƙashi a Najeriya. Shi ma wannan layin zai bi?

Aminu: Ba lallai ba ne. Hanyarsa ita ce a auna takardunsa a wata cibiya kamar FCCPT, a ga ko karatunsa ya yi daidai da na Amurka, ya cike giɓin da aka samu, ya kawo shaidar Turanci idan an nema, sannan hukumar jihar da yake son yin aiki ta ba shi damar zama jarrabawar lasisi, wadda ake cin ta da maki 600 cikin 800. Kowace jiha tana da nata ƙa'idoji, saboda haka ya fara zaɓar jihar kafin ya biya kuɗin auna takardun.