Me Ya Sa Ake Dasa Rogo da Sanda, Amma Ake Shuka Masara da Ƙwaya?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Ku dubi gonakin nan biyu da ke maƙwabtaka da juna. Mai wannan ya sassara itacen rogo guntu-guntu yana cusawa a kunya. Mai waccan kuwa ƙwayar masara yake jefawa a rami yana rufewa da diddige. Dukansu amfani suke nema, amma hanyoyin da suka bi su ne manyan hanyoyi biyu da masu rai suke hayayyafa a doron ƙasa.

Bari mu fara da mai rogo. Sandan da ya dasa ba shi da uba. Guntu ne na jikin uwa, idan ya sha damshi sai idanun da ke jikinsa su tofo, saiwa ta fito ta ƙasa. Rogon da zai tashi kwafin uwarsa ne sak: ɗanɗano ɗaya, girma ɗaya, lokacin nuna ɗaya. Haka ake yi da rake, da yaɗon dankali, da 'ya'yan ayaba masu fitowa a gindi. Wannan ita ce hayayyafa ba tare da haɗuwar namiji da mace ba.

Ƙananan halittun da ido ba ya gani sun fi kowa ƙwarewa a nan. Ƙwayar bakteriya tana kwafar bayanan gadon da ke cikinta, ta tsage gida biyu, shi ke nan ta zama biyu. Akwai irin da ke yin haka duk bayan minti 20 idan ya sami ɗumi da abinci. Ku lissafa: cikin awa 7, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Shi ya sa miyar da aka bari a buɗe da zafin bazara take lalacewa kafin gari ya waye. Yis ɗin da ke kumbura ƙullin fanke shi kuma ɗan ƙurji yake fitarwa a gefensa, ya girma, ya ɓalle, ya ci gaba da rayuwarsa.

To, mu koma gonar masara, mu matso kusa. Furen da ke can ƙololuwa shi ne ɓangaren namiji, shi ke zubo da garin nan mai launin rawaya. Gemun da ke leƙowa daga goyo shi ne ɓangaren mace. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kowane silin gemu yana haɗe da gurbin ƙwaya guda a jikin goyon. Sai garin fure ya sauka a kan silin, ya huda hanya har ciki, sannan wannan ƙwayar za ta cika. Idan kun ɓare masara kun ga giɓi-giɓi, to waɗancan silayen ba su sami rabonsu ba, wataƙila fari ya kama lokacin fure, ko an shuka ta layi ɗaya tak iska ta kwashe garin ta kai wani wuri. Gero ma haka ne. Idan manomi ya ce ya yi bununi, wannan aikin ne ake ciki.

A jikin ɗan Adam tsarin ɗaya ne. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana ɗauke da ƙunshin bayanan gado guda 46, waɗanda masana ke kira kromosom. Amma maniyyi 23 yake ɗauka, ƙwan mace ma 23. Sai sun haɗu lissafin yake cika. Kuma kafin a raba su ana cakuɗa su, ta yadda uba ɗaya zai iya fitar da haɗi iri daban-daban sama da miliyan 8, uwa ma haka. Dalilin ke nan da za ku ga 'ya'ya goma ciki ɗaya, kowa da kamanninsa.

Hanyar nan tana da tsada. Sai an nemi abokin tarayya, sai an jira iska ko ƙudan zuma, sai an ɗauki lokaci. Masu lambun dabino a tsaunukan Ayar da ke jihar Agadez sun san wannan wahala. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen kaɗai ke 'ya'ya. Mai lambu yakan hau bishiya da kansa ya sa furen namiji a cikin na mace. In kuwa zai ƙara bishiyoyi, ya fi son cire ɗan da ya tsiro a gindin macen da ya yarda da ita, domin idan ƙwallo ya shuka, kusan rabi maza za su fito, kuma sai bayan shekaru zai gane.

Tunda kwafi ya fi sauri, ya fi tabbas, me ya sa yawancin dabbobi da tsirrai suke ɗaukar wannan wahala? Amsar tana wajen cuta.

A ƙasar Ayalan, talakawa sun dogara da dankalin Turawa, galibi iri ɗaya, ana dasa shi daga jikin wanda ya gabata. A 1845 wata cuta ta shigo. Da yake duk gonakin kusan jini ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya shi ya kayar da saura. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu a yunwar da ta biyo baya, kodayake sakacin mahukuntan Ingila, masu mulkin ƙasar a lokacin, ma ya taka rawa babba. Ayaba ta ga irin wannan. Nau'in Gros Michel shi ne ke cika kasuwannin Turai da Amurka, har wata cutar saiwa ta cinye gonakinsa a shekarun 1950. Aka maye gurbinsa da Cavendish, wanda shi ma kwafi ne, kuma yanzu sabon nau'in cutar yana binsa: an gan shi a Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019.

A gonar da aka shuka da ƙwaya kuwa, tsirrai sun bambanta. Cuta za ta ci wasu, wasu su jure, kuma daga masu jurewar ake samun irin baɗi. Ko rogon da muka fara da shi yana fure, yana 'ya'ya. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da furen suke aiki: su haɗa wannan iri da wancan, su shuka 'ya'yan, su zaɓi wanda ya jure cutar da ke murɗe ganyen rogo, sannan su yaɗa shi da sanda zuwa ga manoma. A ganina wannan ne ya kamata duk mai rogo ya riƙe: kada ka cika gonarka da iri ɗaya shekara da shekaru, kuma kada ka yanki sanda daga rogon da ganyensa ya yi dabbare-dabbare, domin cutar tana bin sandan.

Akwai wata halitta da ta haɗa hanyoyin biyu, kuma kusan kowane gida ya san zafinta: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Idan macen sauro ta zuba ta a jini, hanta take nufa. A can guda ɗaya take rarrabuwa ta zama dubbai, babu namiji babu mace. Daga nan su afka cikin jajayen ƙwayoyin jini, su ninka, su fasa su, su shiga wasu. Nau'in da ya fi addabar Afirka yana kammala wannan zagaye cikin awa 48, kuma fashewar ce ke kawo masassara da rawar ɗari. Sannan kaɗan daga cikinsu su rikiɗe su zama maza da mata, su zauna a jini suna jira. Ba sa haɗuwa a jikin mutum. Sai wani sauro ya tsotse su, a cikin tumbinsa ake haɗuwar, a cakuɗa gado, a fitar da sabon zubi. Ta wannan cakuɗawa ƙwayar da ta gagari magani take haɗa ƙarfinta da na wata. Don haka gidan sauron da kuka rataya a daren yau yana tare cizon da zai sa muku cuta, yana kuma hana ƙwayar da ke jinin marar lafiya isa wurin da za ta yi aure.