Hayaƙin janareta, a littafin wa za a rubuta shi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

An shiga wani yayi a ƙasar nan. Kowane babban kamfani sai ya fito ya nuna mana irin ƙaunar da yake yi wa muhalli. A dasa 'yan bishiyoyi a ɗauki hoto, a canza ƙwan fitilar ofis, a buga rahoto mai ƙyalli, shi ke nan an yaƙi sauyin yanayi. In kuwa ka juyo da maganar kan kamfanonin raba wutar lantarki, masu kare su amsa ɗaya gare su: ai su dillalai ne, ba su da tasha, ba sa ƙona gas. Wuta ake aiko musu su raba. Mai neman hayaƙi ya tafi tashar samar da wuta ta Egbin can Legas.

Wannan magana ce ta hana ni sakat, kuma a kanta zan tsaya yau.

A takarda, gaskiya suka faɗa. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa ragowar PHCN, wadda har gobe NEPA muke kiranta, ga 'yan kasuwa. Masu samar da wuta daban, TCN mai dakonta yana hannun gwamnati, sai kamfanoni 11 masu rabawa. Mu nan Kano da Katsina da Jigawa muka faɗa hannun KEDCO. Babu wani bututun hayaƙi a kan ofishinsu, wannan kowa ya gani.

To amma ka shiga Kantin Kwari da azahar lokacin da aka ɗauke wuta. Ko minti ɗaya ba a yi, za ka ji an fara jan igiya. Wannan ya ja, wancan ya ja, kafin ka ankara sai ka ɗaga murya kafin mai shago ya ji farashin da ka taya. Yaron shago ya fito da galan, ya yanke bakin robar ruwa ya yi mazurari, fetur na ɗiga a ƙasa, injin yana tari yana feso baƙin hayaƙi daidai fuskar mai tallan da ke zaune a bakin layi. Ka leƙa Farm Centre wajen masu gyaran waya, haka. Ƙofar Ruwa wajen masu walda, haka. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa kuwa manyan injinan dizil ne ke kwana suna ruri. Wannan hayaƙin na wa ne? Tela ne ya ga dama ya sayi inji don yana sha'awar ƙara? Wutar da ya kamata ta zo masa ce ba ta zo ba.

Mutumin da ya share ƙofar gidansa ya tura sharar ƙofar maƙwabci, ba shi da bakin cewa shi mai tsabta ne.

Bari mu yi ɗan lissafi, don kada a ce surutu ne kawai. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Litar dizil kusan kilo 2.7. Ɗauki shago guda mai ƙona lita 5 a wuni. Kilo 11 da rabi ke nan kullum. In ya buɗe kwana 300 a shekara, ya doshi tan uku da rabi. Shago ɗaya tak. Yanzu ka ƙirga shagunan Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai, ka haɗa da masu ƙanƙara, masu niƙa, masu cajin waya, asibitoci, da injinan da ke jawo ruwan rijiyar burtsatse a kowane lungu. Wutar babban layin ƙasa kuwa mafi yawanta daga gas take, ragowar daga ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma hayaƙin da ke kan kowane yunit nata bai kama ƙafar na ƙaramin janareta ba.

Saboda haka ma'aunin kamfanin raba wuta a kan muhalli guda ɗaya ne: awa nawa ya ba mutane wuta. Duk awar da aka kawo wuta, dubban injina sun yi shiru. Duk awar da aka ɗauke, sun tashi. Rahoton da bai faɗi awa nawa ba, ko da ruwan zinare aka buga shi, bai ce komai ba.

Wani zai ce, kai malam, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, ka bar Amurka da Sin su ji da abin da suka ɓata. Na ji. Amma hayaƙin injin da ke bakin tagarka, kafin ya kai sararin samaniya ta ƙirjin ɗanka yake bi. Sau nawa muka ji labarin iyalin da suka kwanta da janareta a cikin gida saboda tsoron ɓarayi, gari ya waye babu mai motsi? Kuma zafin Afrilu da ke haura maki 40 a Kano ba ya tambayar wa ya jawo shi. Wannan hujja ta zauren taron ƙasashen duniya ce, a can za ta yi amfani. A Kurna ko Ɗorayi ba ta kashe inji ko ɗaya.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan yi mata rashin adalci ba. Wutar da ake aikowa ba ta isa. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana ta lilo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta kwashe kwana da kwanaki cikin duhu. Wannan ba laifin mai rabawa ba ne, kuma abin da bai iso tashar Kumbotso mai karɓar wutar Kano ba babu mai iya raba shi.

To wadda ta iso fa? Nan ne hannun kamfani yake dumu-dumu. Tsofaffin wayoyi masu zafi suna shanye wuta a hanya. Taransifoma guda an ɗora mata unguwa biyu, tana ɗigar mai, in ta ƙone sai unguwa ta kwana a duhu makonni ana karo-karo. Kowane yunit da ya zube a hanya, an riga an ƙona gas a kansa, an saki hayaƙinsa, kuma bai kunna ko fanka ba. Asara biyu: hayaƙi can a tasha, hayaƙi nan a bakin shago.

Sai maganar mita, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Ka bi ta cikin unguwa da tsakar rana in an yi sa'a akwai wuta. Ƙwan ƙofar gida yana ci, rana na dukansa. Hita na cikin bokiti ruwa ya tafasa har ya fara ƙafewa. Me ya sa? Saboda bil na ƙiyasi ake kawowa, ka kashe ko ka bari kuɗin ɗaya ne. Ba wa'azi ne zai sa mutum ya kashe ƙwai ba, mita ce. Gidan da aka saka wa mita mai kati, cikin mako guda maigida ya zama mai gadin makunni. Shekara fiye da goma da sayar da kamfanonin, har yanzu ɗimbin gidaje ba su da ita. Mu ma ba mu fita ba, don mai tsallake mita ya ja waya ta bayan gida ɓarawo ne, kuma maƙwabtansa yake yi wa sata, su ne taransifomarsu za ta ƙone. Amma kamfanin da ba ya auna abin da ya sayar, da wace fuska zai auna abin da ya yi wa muhalli?

Kuma fa awa ɗin nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ga 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, bisa alkawarin aƙalla awa 20 a rana. Daga baya an ɗan rage, amma alkawarin yana nan. Tunda da awa aka yanka mana farashi, da awa za mu yi hisabi. A fito da alƙaluman kowane layi, kowane wata, da Hausa, a karanta a rediyo: layi kaza awa kaza, yunit kaza ya shigo, kaza ya ɓace a hanya, gida kaza aka saka wa mita. Wannan shi ne rahoton muhallin da nake nema.

Abin takaicin shi ne muna zaune a ƙarƙashin rana kamar ta Kano muna jiran gas daga kudu. An gwada, kuma an ga yana yiwuwa. Kasuwar Sabon Gari ta samu sola a 2018 ta hannun hukumar samar da wuta a karkara. Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019. A Janairun 2023 aka buɗe ta megawat 10 a Kumbotso, wadda asusun zuba jarin ƙasa ya gina. Akwai kuma ƙaramar tashar Zawaciki da aka yi da haɗin gwiwar KEDCO, kuma wannan na yaba, irinta muke so a kowace kusurwa. Sai dai megawat 10 ga birnin miliyoyin mutane ai somin-taɓi ne.

Kafin a farga, masu hali sun fara sallamar kansu. Ka ɗaga kai a Nasarawa GRA ka ga rufin gidaje, farantan sola ne reras. Na taya su murna, amma su ne masu biyan bil mai kauri, kuma in suka tafi za a bar talaka da kamfanin da kuɗinsa ya ragu, gyaransa ya ragu, wutarsa ta ragu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shi talakan ko fetur ɗin injin ya gagare shi. Ga kuma matattun batura masu dalma da ke ƙarewa a hannun 'yan jari-bola, yara na fasa su da hannu, babu mai tambaya.

Najeriya ta je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 ta yi alkawarin kawo ƙarshen ƙarin hayaƙinta nan da 2060. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, don haka gwamnatin Kano da majalisar dokokinta ba su da sauran uzurin nuna Abuja da yatsa. Su kira kamfani su tambaye shi awa nawa, layi bayan layi.

Kai kuma mai sauraro da ke Band A, kada ka jira su. Samu littafi na naira kaɗan ka ajiye kusa da mita. An kawo, rubuta lokaci. An ɗauke, rubuta lokaci. Ku yi haka ku goma a layi ɗaya tsawon wata guda, ku kai wa kamfani a rubuce. In ba a saurare ku ba, hukumar NERC tana da ofishin sauraron ƙorafi a nan Kano, ku ɗauki littattafanku ku kai can.