Cocin da Kuɗin Ulu Ya Gina a Labenam

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau ga mu a Labenam, wani ƙaramin gari a yankin Safok na ƙasar Ingila. Wannan da kuke gani cocin Waliyyi Bitrus da Waliyyi Bulus ne. Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar: ƙafa 141, a garin da za ka zagaye shi a ƙafa kafin shayinka ya huce.

Kuɗin ulu ne. Mutanen nan sun yi arziki da saƙar shuɗin yadi, wanda suke rinawa da wani ganye mai ba da shuni irin na baba da ake rini da shi a marinarmu. Tsakanin wajen 1485 da 1525 aka sake gina cocin, kuma manyan masu zuba dukiyar su ne hakimin Okusfod na 13, Jon De Biya, da gidan attajirai na Sifirin. Ga tauraro, alamar gidan De Biya, can a jikin dutse, ga tambarin Sifirin an maimaita shi ko'ina. Wanda ya biya kuɗi ba ya son a manta da shi. Cocin Katolika ne a lokacin. Bayan Sarki Henri na 8 ya raba gari da Fafaroma a 1534, sai cocin ya koma hannun Cocin Ingila.

Bari in matso da kyamara. Baƙin nan dutsen ƙanƙara ne, irin na ƙyastu. Ba ya sassaƙuwa ya ba da kusurwa, shi ya sa ake fasa shi biyu, a juyo fuskarsa mai sheƙi waje, a ɗaure gefuna da farin dutse da aka yi dakonsa daga nesa. Kwaɓin da ke riƙe da su farar ƙasa ce da yashi, mai barin danshi ya fita. In mai gyara ya cusa siminti, ruwa ya maƙale a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, sai duwatsun su fara zubowa. Kamar dai yaɓa siminti a katangar laka ne.

Tagogin nan masu faɗi kuwa, ginshiƙai da tokaran waje ne suka ɗauke nauyin rufin, bango ya samu sararin zama gilashi. Amma in indararo ɗaya ya toshe da ganye, sai ruwa ya bi bango ya ruɓar da bakin katakon rufi. Mu shiga ciki ku ga sassaƙar.