Rigimar Gona Ce Ko Ta Gado? Hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara Ta Shari'ar Musulunci

Assalamu alaikum masu kallo. Bari mu fara da rigimar gona, da mutum biyu da alƙali ya ba su rashin gaskiya a kanta.

Na farko ya kai yayansa ƙara ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona, yayan ya ci gaba da nomawa shi kaɗai, ya hana a raba. Na biyu kuwa maƙwabcinsa ya kai. Ya ce gonar ta ubansa ce, maƙwabcin ya ce a'a, saye ya yi tun marigayin yana da rai. Dukansu ba su gamsu da hukunci ba, dukansu Musulmi ne, kuma a kotun shari'ar Musulunci aka yi musu shari'a. Sai suka nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiharsu. Na farko za a saurare shi. Na biyu ya ɓata hanya, Babbar Kotun Jiha ya kamata ya nufa. Me ya raba su? Hurumi.

Wannan kotu ta jiha ce, ba ta tarayya ba. Sashe na 275 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk jihar da take buƙatarta tana iya kafa ta. Shi ya sa kusan kowace jihar Arewa tana da tata, Abuja ma tana da tata a ƙarƙashin sashe na 260. Asalinta kuwa ya girmi jihohin kansu. A 1960 aka kafa ta a Kaduna domin Jihar Arewa baki ɗaya, ta gaji Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi da aka yi a 1956, kuma Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya hau kujerar shugabancinta a 1962.

Shugabanta shi ake kira Girandi Kadi, sauran alƙalanta kuma Kadi-Kadi. Gwamna ne ke naɗa su, amma ba da ra'ayin kansa ba, sai da shawarar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Shi Girandi Kadi sai majalisar dokokin jiha ma ta amince. Ba dole ne Kadi ya zama lauya ba. Malamin da ya riƙe shaidar karatun shari'ar Musulunci da aka yarda da ita tsawon shekara 10, kuma ya goge a aikin ko ya shahara a ilimi, zai iya hawa. Sannan Kadi ɗaya ba ya zama shi kaɗai ya yanke hukunci, sashe na 278 ya ce sai aƙalla su uku.

To, mu dawo kan hurumi, don nan ne ake yawan tuntuɓe. Sashe na 277 ya zana mata iyaka: shari'o'in da suka shafi zaman iyali da dukiyar iyali a Musulunci. Aure da ingancinsa, saki da khul'i, dangantaka, da wanda zai riƙi yaro idan aure ya mutu. Sai gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, muddin mamacin ko mai bayarwar Musulmi ne. Sai kula da ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali, da almubazzarin da ba ya iya riƙe dukiyarsa.

Ka ga mai ƙara na farko a tsakiyar wannan da'ira yake. Tambayarsa ita ce su wa suka gaji marigayi, kuma nawa ne rabon kowa. Shi kuwa na biyu tambayarsa daban ce: gonar ta wa ce? An sayar ko ba a sayar ba? Wannan jayayya ce kan mallaka. Ko da ya ambaci kalmar gado sau goma a gaban alƙali, ba za ta koma shari'ar gado ba, tunda wanda yake ja da shi ba magaji ba ne. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000. Haka rigimar bashi, ciniki, jingina da haya, ɗaukaka ƙararsu Babbar Kotun Jiha take zuwa.

Ni a ganina wannan shi ne wurin da tsarin ya fi wahalar da talaka. Mutumin ƙauye ya ga sunan Shari'a a jikin gini, ya san da littafin Malikiyya aka yi masa hukunci a ƙasa, ina zai kawo a ransa cewa ba nan ce ƙofarsa ba? Abin takaicin, hukuncin da kotu ta yanke ba tare da hurumi ba tamkar ba a yi shi ba ne. Sai mutum ya yi shekaru yana zirga-zirga, ya sayar da akuya ya sayar da hatsi, ya yi nasara, can a sama a ce duk a rushe a koma baya.

Maganar laifuka fa? Bayan Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, wasu jihohi sun miƙa wa wannan kotu ɗaukaka ƙarar laifuka. Irin wannan kotu ta jihar Katsina ce ta wanke Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa, a watan Satumba na 2003. Amma masana doka sun daɗe suna ja a kan ko majalisar jiha tana da ikon ƙara wa kotun abin da sashe na 277 bai lissafa ba.

Idan ƙara ta shiga, kada ka zaci sabuwar shari'a za a fara daga tushe. Kwafin shari'ar da aka yi a ƙasa shi ne abin dubawa. Kadi-Kadi za su bi shi layi-layi. An gane waye mai da'awa, waye wanda ake da'awa a kansa? Shaidu sun cika? An ba da rantsuwa inda ta kamata? An yi i'izari, wato an tambayi mutum ko yana da sauran magana kafin a yanke? Rashin wannan tambaya ɗaya kawai ya isa ya rusa hukunci. Daga nan su tabbatar da hukuncin, ko su soke shi, ko su mayar a sake shari'a gaban wani alƙali.

Wanda bai gamsu ba a nan ma, hanya ba ta ƙare ba. Sashe na 244 ya ba shi damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, inda alƙalai uku masana shari'ar Musulunci za su zauna masa, daga can kuma sai Kotun Ƙoli. A 1978 an yi yunƙurin kafa kotun shari'ar Musulunci ta tarayya don ta riƙa karɓar waɗannan ƙararraki, aka yi ta kai ruwa rana a majalisar tsara kundin mulki har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Wannan tsari na alƙalai uku shi ne sulhun da aka cimma.

Saboda haka ranar da aka yanke maka hukunci, nemi kwafin shari'a a wajen rajistara, ka tambayi kwana nawa kake da su, don ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Sannan ka buɗe shafin farko ka karanta da'awar kamar yadda aka rubuta ta. Ita manyan kotuna suke dubawa kafin su ce ƙarar ta wace kotu ce.