Dara, Ludo da Takardar Sirri: Yadda Ake Shirya Wasan Ɓangarori

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan da kuke gani a ƙasa gurbin dara ne, ramuka 30, mun tona shi a gindin darbejiya a wani ƙauye kusa da Ringim. Ga duwatsu 12, ga karare 12. A gefe kuma ga ƙwayar ludo da 'yan takardu a naɗe. Yau zan nuna muku yadda ukun nan ke haɗuwa su zama wasa guda.

Akwai wasan labari da ake yi a zaune: mutum ɗaya yana jan labarin, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974. Wahalarsa a kan mai jan labari take. Shi zai gina gari, ya kafa fada da kasuwa, ya kuma san abin da kowane ɓangare yake ƙullawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a yi zama uku, makircin garin duk ya zama iri ɗaya, tunda daga kai ɗaya ya fito.

To, raba garin. Mu nan kashi huɗu muka yi: fada, fatake, maƙera, mafarauta, kowanne a hannun aboki ɗaya. Dabarar ta daɗe. A ƙarshen shekarun 1960 David Wesely ya shirya wasan Braunstein a jihar Minnesota, ya ba kowa matsayi a gari guda da burinsa na kansa. Dave Arneson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Dungeons & Dragons, yana cikin waɗanda suka buga shi.

Takardun nan kuwa daga Diplomacy muka aro su, wasan 1959 mai ƙasashen Turai bakwai, wanda babu jefa ƙwaya a cikinsa ko sau ɗaya. A yi ƙus-ƙus, a ƙulla alkawari, kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe lokaci guda. Ku dubi ta fatake: "Mu shigo da ƙarfe ta ƙofar gabas, mu karya farashi." Ga ta maƙera: "Ba mashi ko ɗaya ga fada sai an rufe ƙofar gabas." Babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta, amma ga rigima ta haɗu da kanta. Wallahi wannan wurin ya fi komai burge ni, don alƙalin wasa da kansa, wato mai jan labarin, bai san haka za ta kasance ba.

Ƙaramar rigima, ƙwaya ke raba ta. Kowa ya kawo hujjarsa, alƙali ya auna. Mai hujja mai ƙarfi, uku zuwa sama ta ishe shi. Mai rauni sai ya jefo shida.

Babbar rigima ita ake kaiwa gurbin dara. Kun san ƙa'ida: ka jera uku, ka ci ɗaya. Sai dai a nan, kafin a fara, kowane ci an ɗaura masa abu. Na farko rijiyar bakin kasuwa, na biyu raƙuman ayari, na uku ƙofar kanta. A ci uku ake tsayawa, kuma ku riƙe wannan da kyau. In akwai dattijon da ya ƙware a dara, kuka bari aka buga har ƙarshe, rana ɗaya zai cinye garin, labari ya mutu.

Wani zai hango ƙwaya ya ce caca ce. Ko sisi ba a sawa, kuma wanda ya kawo zancen kuɗi ba ya zama da mu.

Alƙali ya rubuta sakamakon a littafinsa, shirinsa ya kammala ke nan. Jiya maƙera suka yi ci biyu, fatake ɗaya, aka rufe ƙofar gabas. Daren Asabar bayan Isha'i gwarazan labari za su iso da jakunansu su tarar da ita a garƙame, ga ayari zube a waje, madugu yana neman wanda zai shigar masa da saƙo cikin gari.