Kafin Ka Ɗora Murya a Kan Waƙar Wani

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da kewaye, musamman ku matasa masu kwana a sutudiyo.

Kun san yadda ake yi. Waƙa ta fito ta tashi gari, sai ango ya zo da kuɗinsa ya ce a yi wa amaryarsa irinta. A cire sunan da ke cikin amshi a sa nata, a bar karin yadda yake, a tura wa mai kiɗan biki. Lokacin siyasa kuwa abin ba a magana. To, waƙar nan tana da mai ita, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Haƙƙi biyu ne a cikin kowace waƙa da kake ji a waya. Na farko na wanda ya tsara baitoci da kari. Na biyu na sautin da aka ɗauka, wanda yawanci yana hannun furodusa ko kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin. In ka sake rera waƙar da muryarka, a kan kiɗan da ka buga da kanka, haƙƙi na farko kaɗai ka taɓa. In kuwa rimis ne, ka yanko muryar mawaƙin ko kiɗansa na asali ka ƙara masa gudu da ganga, to izini biyu za ka nema. Sauya baitoci ma, irin na amaryar can, sai da yardar mai waƙa.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta ce haƙƙin baiti da kari yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 bayan fitowarsa. Ku ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Waƙoƙinsa ba su zama na kowa ba, haƙƙin yana wajen magadansa har ƙarshen 2069. Masu cewa "ai tsohuwar waƙa ce" sai su yi lissafi.

Akwai kuma masu rubuta sunan mawaƙi a ƙasan bidiyo su ce sun fita haƙƙinsa. Ambaton suna wajibi ne, amma ba izini ba ne. Haka zancen cewa daƙiƙa talatin ba laifi, babu shi a doka.

A YouTube akwai Content ID, manhajar da ke gane sautin da aka yi wa rajista. In ta kama ka, mai waƙa na iya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin talla su riƙa tafiya aljihunsa. Wannan ma da sauƙi. In ya kai ƙara aka sauke bidiyon, gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tasharka ɗungurungum.

Mafita ita ce ka nemi mai waƙar, ko ƙungiyar MCSN mai karɓa wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu. Kada ka tsaya a kan "ba komai, je ka yi" ta waya. A rubuta a takarda: wace waƙa, ina za a saka ta, tsawon wane lokaci, kason kowa nawa, sannan kowa ya sa hannu.