Jawabi kan gasar zanen tambarin kumbo ga yaranmu na Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, da ku samarin da kuka shimfiɗa mana tabarmi tun azahar, sannunku da ƙoƙari. Na san ma'aji na jira da maganar kuɗin wata, amma ku ɗan yi haƙuri da ni.

Yawancinku da allura da zare kuka san ni. Shekarata 22 ke nan da baro Kano, ina ɗinkin surfani a Wadata. To me ya haɗa maɗinki da sararin samaniya? Autana ne ya haɗa mu. Kwanakin baya ya dawo daga lakwal yana kuka, an yage masa takardun bayan littafi saboda ya cika su da zanen jirage da taurari. Ni ma ban tsaya tambaya ba, na ɗora masa nawa faɗan. Da dare yayarsa, wadda ke karatu a jami'a, ta miƙo mini waya ta ce, "Baba, dubi wannan aikin, ka faɗa mini ko ba irin naku ba ne." Na duba. Wallahi ɗinki ne, zare a kan ƙyalle, ɗan kewayayye da bai wuce tafin hannu ba, a liƙe jikin rigar ɗan sama-jannati kamar yadda ake liƙa wa soja.

Ashe duk tafiyar da kumbo zai yi da mutane tana da nata tambarin. A Amurka an fara ne a 1965, da tafiyar Gemini 5, inda Gordon Cooper da Pete Conrad suka zaɓi hoton amalanken mutanen dā, suka rubuta cewa kwana 8 za su yi ko ta halin ƙaƙa. Shugabannin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka ji tsoron kada a dawo kafin kwanakin su cika a sha kunya, sai aka sa ƙyalle aka rufe rubutun. Duk maɗinki a nan ya san irin wannan mai kaya, wanda sai an gama aiki yake cewa a warware.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Apollo 11, tafiyar da ta sauke mutum a kan wata a watan Yulin 1969. Michael Collins ne ya tsara shi, wato na ukunsu, wanda ya zauna cikin kumbo yana kewaya wata su Neil Armstrong na ƙasa. Ya zana gaggafa tana sauka, da reshen zaitun, alamar zaman lafiya, a bakinta. Manya suka ce faratan nan a buɗe sun yi kama da na mai zuwa yaƙi, aka mayar da reshen cikin faratan. Kuma su ukun suka ƙi sa sunayensu a jiki, don aikin na dubban mutane ne. Mu da ba ma iya ba da buhun shinkafa sai an kira sunanmu a lasifika, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Daga baya aka fara ba yara 'yan makaranta wannan aiki ta hanyar gasa. Lokacin da Tim Peake na Ingila zai tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Disambar 2015, wani shirin yara na talabijin ɗin BBC ya buɗe gasa, zane sama da 3,000 ya shigo. Yaro ɗan shekara 13 ne ya ci. An sa wa tafiyar suna Principia don tunawa da Isaac Newton, masanin da ake cewa faɗowar tuffa ce ta sa shi nazarin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa, sai yaron ya zana tuffa tana faɗowa, da kumbo yana tashi. Ku lura da kyau, ba iya fenti kaɗai ya ba shi nasara ba. Sai da ya fahimci abin da ke jawo tuffa ƙasa, ya gane cewa da wannan ƙarfin kumbo yake kokawa kafin ya tashi, sannan ya matse duk wannan cikin fili kamar bakin kofi. Yaron da ya iya haka ya yi karatu, ko da bai san karatu yake yi ba. A Amurka ma akwai makarantun da ake ɗaukar takardar zanen yaro a kai ta tashar nan, mai nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, ta yi ta kewaya duniya sau 16 a kwana, a dawo masa da ita.

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce. To gadar Kennedy da muke hayewa zuwa Harobanda, sunan wa take ɗauke da shi? Shugaban Amurka da ya yi alkawari a 1961 cewa za su kai mutum wata. Mu Kanawa kuma a garinmu NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo, kuma tana cikin masu sauraron ɗan sama-jannati John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau 3 a Fabrairun 1962. Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Nan cikin Yamai, cibiyar AGRHYMET da hotunan tauraron ɗan Adam take bin damina da amfanin gona a Sahel.

Zane kuwa ba a koya mana shi. Aska takwas, dagi, zanen bangon Birnin Damagaram, zayyanar allo ranar sauka, duk namu ne. Kakanninmu sun sa wa taurari suna: Kaza da 'ya'yanta, Gamzaki, Zara matar wata. Abin da muka rasa shi ne mu ce wa yaro hannunsa yana da daraja.

Shawarata ke nan, Shugaba. Ƙungiya ta buɗe gasa ga 'ya'yanmu na firamare da sakandare, mata da maza, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Zabarmawa in suna so. A ce musu za a harba tauraron da zai riƙa duba ruwan sama da cikar kogi, kowa ya raɗa masa suna da Hausa, da boko ko da ajami, ya zana tambarinsa, kuma ya tsaya gaban alƙalai ya faɗi dalilin kowane launi da ya sa. Bayanin nan shi ne rabin maki. Game da zanen abu mai rai, na ga Malam yana gyara zama. Wannan na bar wa malamai, abin da suka yanke shi za a bi, taurari da dagi ma sun ishe mu aiki.

Ba zan yaudare ku ba, tambarinmu ba zai je sama ba, kuma kada kowa ya yi wa ɗansa wannan alkawari. Amma wanda ya ci, ni zan ɗinka nasa da hannuna kyauta, mu kuma buga shi da keke a rigunan taron ƙarshen shekara. Takarda, fensir mai launi da 'yar kyauta ake buƙata, in kowane magidanci ya ba da jika ɗaya sun isa. Alƙalai uku nake roƙo: malamin makaranta, maɗinki wanda ba ni ba tunda autana zai shiga, da ɗaya daga cikin iyaye mata masu lalle.

Ma'aji, ga tawa jikar, a fara rubutawa da ita. Wassalamu alaikum.